Yadda Tsofaffin Unguwarmu Suka Auna Shekarar 2024

Mutanen da ba da lamba suke riƙe shekara ba, da abin da ya auku a cikinta suke kiranta. Kakanninmu suna da Kakalaba, yunwar 1914. Iyayenmu suna da 'Yan Buhu ta 1927 da 'Yar Gusau ta 1942. Mu ma da muka shiga aji muka riƙe alli ba mu saki hanyar ba. Har gobe in gardamar shekarun wani ta tashi a unguwarmu, za ka ji an ce ai shekarar da motoci suka koma hannun dama aka haife shi, wato 1972, ko shekarar da naira ta kori fam da sule, ko ta Udoji, ko ta canjin kuɗin Buhari a 1984. Tsoho ba kalanda yake dubawa ba, abin da ya shiga gidansa da abin da ya fita yake dubawa.

Ni tsohon malamin firamare ne a birnin Kano, na haura saba'in. Bayan la'asar mukan zauna a ƙofar gidan wani tsohon tela har a kira magariba. Akwai shi mai gidan, akwai tsohon direban babbar mota da ya ƙarar da ƙuruciyarsa tsakanin Kano da Legas, akwai wanda ya yi aikin reluwe, da wani da ya bar wa 'ya'yansa rumfarsa a Kantin Kwari, sai ladanin masallacinmu. Da hunturun bana, wato na 2024, ya shigo muka matso da tabarma inda rana take, hirar ta koma kan shekarar da ke shirin ƙarewa. Abin da na ji a wurin, da wanda na ji a ɗakin yayata, shi na ga ya kamata in rubuta, domin jaridu sun yi nasu lissafin na shekara, kuma ba irin namu ba ne.

Wanda duk yake son jin yadda shekara ta kasance wa tsoho sai ya yi haƙuri. Amsar farko kullum "Alhamdulillahi" ce. Ba ƙarya ba ce kuwa, wanda ya raka sa'o'insa makabarta ya dawo da ƙafarsa ya san abin da yake godewa. Sai dai ba ita ce duka maganar ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma mu an rene mu a kan cewa rufin asiri ya fi ƙoshi. Sai ka zauna, ka bar shi ya zaga, ya yi maganar sanyi da ciwon gwiwa, sannan abin da ke cinsa zai fito, sau da yawa ma a matsayin labarin wani.

Abin da ya fara fitowa a wurinmu shi ne ciyayya. Yaran yanzu ba duka suka san ta ba. Da, in an idar da isha'i, kowane magidanci a layi yakan sa a fito da kwanon tuwonsa ƙofar gida, a haɗu a ci tare. Wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ranar, yakan zauna ya sa hannu ba wanda ya sani, ba kuma wanda zai tambaya. Baƙo da almajiri duk a nan suke samun rabonsu. A layinmu ta daɗe tana ja da baya, amma ba ta mutu ba sai bana. Ba wanda ya ce a daina. Kwanuka ne suka riƙa raguwa ɗaya bayan ɗaya, yau wannan ya ce ba ya jin daɗi, gobe wancan ya ce likita ya hana shi cin dare. Duk mun san ba likita ba ne. Da buhun shinkafa ya doshi naira dubu ɗari, masara da gero suka bi bayanta, kwanon da zai fita waje daga bakin jikoki za a cire shi.

Nan ne nake ganin masu lissafin tattalin arziki ba sa hango mu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen shekara, gaskiya ne. Amma tsoho ba ci ne da shi ba, loma kaɗan ta ishe shi. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne hannunsa ya kasa miƙawa. Girman dattijo a ƙasar Hausa a bayarwa yake: ya ba jika barka da Sallah, ya sa wani abu a hannun mai jego, ya aika wa maƙwabci cinyar rago, in an zo gaishe shi ya laluba aljihu ya ce "ga wannan ka hau mota." Ranar da ya laluba bai sami komai ba, ranar yake jin tsufa.

Telanmu tun da ya yi aure bai taɓa fashin layya ba sai Babbar Sallar bana, wadda ta kama 16 ga Yuni. Wasu a layin sun haɗa kuɗi su bakwai sun sayi sa, shi ko kason ma bai samu ba. Ranakun Sallar nan bai fito ƙofar gida ba. Da ya fito na ce, "Alhaji, ai yara sun aiko da nama, na ga ana ta shiga da shi." Ya ce, "Malam, an aiko. Amma naman da ka aika da wanda aka aiko maka ba ɗanɗanonsu ɗaya ba."

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne, ko da yake a majalisarmu ta ƙofar gida kowa da wanda yake ɗora wa laifi. Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabin karɓar mulki, Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. A watan da ya biyo aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Litar man da ba ta kai naira ɗari biyu ba ta haura dubu a Oktoban 2024, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan ɗari huɗu da sittin ta wuce dubu ɗaya da ɗari biyar. Hatsi kuwa a mota yake zuwa, taki da dala ake sayensa, ga manoma da yawa a Zamfara da Katsina da Sakkwato 'yan bindiga sun raba su da gonakinsu. Mai ƙarfi a jika yana iya ƙara wa kayansa kuɗi ko ya nemi aiki na biyu. Tsoho abin da ke shigo masa tsayayye ne. A watan Yulin 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi naira dubu saba'in, amma mu 'yan fansho kasuwa ta daɗe da tsere mana. Mu ɗin ma 'yan kaɗan ne. Yawancin tsofaffin ƙasar nan ba su taɓa karɓar albashi ba, 'ya'yansu ne fanshonsu, kuma ɗan da ke aiko dubu ashirin a wata har yanzu dubu ashirin ɗin yake aikowa, in ya samu.

Sai zumunci. An ce zumunta a ƙafa take, to bana ƙafar ta yi tsada. Direbanmu yana da ƙanwa a Gusau, mijinta ya rasu da damina, ta waya ya yi mata ta'aziyya. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kwana a hanya saboda kayan wasu, ya kasa zuwa zaman makokin surukinsa. Bai faɗa mana ba sai da aka yi arba'in. Ni kaina akwai ɗaurin auren da da ba zan yi fashinsu ba, bana na aika da uzuri. Matasa suna ganin waya ta wadatar. Ba ta wadatar ba. Ta'aziyya zama ce, ka shimfiɗa tabarma ka yi shiru tare da mai rashi.

Akwai kuma abin da ban so in wuce shi da sauri, domin yana kisa a ɓoye. Yawancinmu muna kan maganin hawan jini ko na ciwon suga, wasu duka biyun. Magungunan nan ko dai daga waje ake shigo da su, ko kuma sinadaran haɗa su ake shigowa da su, saboda haka duk inda dala ta je suna biye da ita. Wasu manyan kamfanonin ma, irin su GSK, tun 2023 suka sanar da rufe harkarsu ta kai tsaye a Najeriya. Abin da tsofaffi suka koma yi shi ne raba ƙwaya biyu, ko a sha yau a tsallake gobe, ko a ajiye sai an ji jiri. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Mutum yana jin garau jinin yana sama, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Wanda yake da tsoho a gida, kada ya tsaya kan "Baba, kana shan maganinka?" domin zai ce yana sha. Ya karɓi kwalin ya ƙirga.

Ladaninmu shi ne mai lissafin mutuwa, tunda shi ke sanarwa. Ya ce abin da ya lura da shi bana, sau da yawa tsofaffi ne a tsaye a sahu, yaro ne a kwance a gaba. Daga nan maganar Majiya ta taso. Daren 15 ga Oktoba tankar mai ta faɗi a garin, a ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa, mutane suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa, wuta ta tashi. Sama da mutum ɗari da hamsin suka rasu, akasarinsu matasa. Ɗan Kwari ya ce rashin jin magana ne. Direba, wanda ya fi mu sanin abin da fetur ke yi, bai yarda ba. Ya ce, "Alhaji, a zamanina in tanka ta faɗi gudu ake yi. Yaran nan sun san wuta. Jarka ɗaya ce ta zama abincin mako." Ban ce wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba, amma na san wanda na fi jin maganarsa a ƙirjina.

Mutumin reluwe kuma Maiduguri ce shekararsa. Ya zauna can lokacin yana aiki, yana garin aka yi ambaliyar 1994, kuma 'yarsa tana aure a can. Ranar 10 ga Satumba madatsar ruwan Alau ta sake ɓallewa, ruwa ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, har namun gidan zu suka fita. Kwanaki yana kiran waya ba ta shiga. A kwanakin nan yakan zo ya zauna da mu, carbi a hannu, ba ya cewa komai. Da muka zo lissafin abin daɗi, bai yi dogon tunani ba, ya ce ranar da ya ji muryarta. Gidan ya tafi, kayan ɗakin sun tafi, ita da yaranta suna nan. Shekara talatin tsakanin ambaliya biyu, madatsa ɗaya, wannan kuma tambaya ce da ba mu ne za mu amsa ba.

Rikicin masarauta mun yi yarjejeniyar barinsa, don ya kusa raba mana tabarma. Tun 23 ga Mayu da aka soke dokar masarautu biyar aka mai da Muhammadu Sanusi II, Aminu Ado Bayero kuma ya sauka a gidan Nassarawa, kowa a cikinmu da inda zuciyarsa take. Mu da muka yi shekara hamsin da ɗaya, daga 1963 zuwa 2014, da sarki ɗaya, abin ya yi mana banbaraƙwai. Abin da muka haɗu a kai shi ne takaicin hana hawan Babbar Sallah. Jikoki sun sa sababbin kaya, ba Hawan Daushe, ba Hawan Nassarawa. Sai ga shi a Disamba hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su. Mun ji a rediyo, muka dubi juna.

Ɗaukewar wutar ƙarshen Oktoba, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kusan kwana goma a duhu, ba ta dame mu kamar yara ba. Mun tashi da aci-balbal. Ruwa ne ya yi wuya, da niƙa. Na ɗauka jikoki za su taru a yi tatsuniya, ashe suna can layin mai cajin waya.

To, ba duka ne ɗaci ba, kuma abin daɗin tsoho yakan ba matashi dariya don ƙanƙantarsa. Ladan an cire masa yanar ido. Shekaru yana karatu da ka, wanda ya haddace kawai yake maimaitawa, bana ya buɗe Alƙur'ani ya ga wasulla da idonsa. Ya ce da ya san aikin bai fi na ɗan lokaci ba, da bai yi ta jan ƙafa yana tsoron wuƙar likita ba. Yanzu duk tsohon da ya gani yana lalube sai ya tsare shi da wa'azin zuwa asibiti. Ɗan Kwari ya biya cikon naira miliyan ɗaya da dubu ɗari tara da Hukumar Alhazai ta nema a watan Maris, ya sauke wa uwargidansa farali, ta kuma dawo lafiya daga aikin Hajjin da zafinsa ya kashe sama da mutum dubu ɗaya da ɗari uku. Direba ya noma 'yar gonarsa ta gado a hanyar Gwarzo, geron ya yi kyau.

Ni nawa abin dariya ne. A ƙarshen Mayu aka dawo da tsohon taken ƙasa, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Da shi na yi makaranta, kuma shi na fara koya wa yara a filin taro kafin a canza. Sai ga jikata ta dawo daga makaranta da takarda tana fama, malaminsu ma bai iya muryar ba. Na karɓa na rera mata daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Rabon da yaran gidan nan su tambaye ni abin da na fi su sani, ban da tarihin dangi, na manta. Da na ba da labari a majalisa, tela ya ce, "Malam, to a zuba shi a tukunya mana." Gaskiyarsa. Amma dai na ji daɗi.

Lissafin mata daban ne, kuma na fi yarda da shi. Yayata ta kusa tamanin, tana zaune a gidan babban ɗanta. Na je gaishe ta na ce, "Yaya, ya kika ga shekarar nan?" Ba ta ambaci gwamna ko dala ba. Ta fara da haihuwa: wance ta sauka lafiya, wance an yi mata aiki amma ta tashi, ta ga tattaɓa-kunnenta na farko. Jikanta ya sauke Alƙur'ani, an yi walima da ɗan abin da ya samu. Sai rashi: ƙawarta ta ƙuruciya, da maƙwabciyarta, har da Saratu Gidaɗo, Daso ta fina-finai, wadda ta rasu ranar 9 ga Afrilu ana shirin Ƙaramar Sallah, ta sa ta a lissafi kamar 'yar gida. Adashinsu ya watse don zubi ya gagara. Amma aminiyarta ta Maraɗi, wadda rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya raba su, ta zo ta yi mata kwanaki bayan an buɗe a watan Maris, suka kwana hira.

Sannan ta faɗi abin da ban ji daga bakin namiji ba. Ta ce, "Kai Malam, wahalar nan ta yi abin da wa'azi ya kasa." Bana ta ga an aurar da 'yan mata da akwati biyu, an kai amarya ba gara, ba wanda ya yi gori, don mai gorin ma ba shi da shi. Shekara nawa malamai suna faɗa a rage lefe da kayan ɗaki ba a ji ba? Ita a wurinta wannan riba ce, kuma tana addu'ar in sauƙi ya zo kada a koma gidan jiya. Ina shakkar hakan, na san mutanenmu, amma ban faɗa mata ba.

Inda nake saɓawa da abokan zamana shi ne in suka fara "ai a zamaninmu." Zamaninmu ba aljanna ba ne. Mun ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Mun ga farin 1973, shanu suna faɗuwa a hanya. Mun ga Maitatsine a Disambar 1980 a cikin garin nan. Mun bi layin sabulu da madara a 1984, soja na tsaye da bulala. Abin da ya bambanta, a ganina, ba wai mun fi yaran yanzu haƙuri ko tsoron Allah ba ne. A lokacin kusan kowane gida a birni yana da gona a bayan ganuwa ko ɗan'uwa a ƙauye mai aiko da dami in kaka ta yi. Gonakin nan mu muka yanka su filaye muka sayar, unguwanni ne yanzu. 'Yan'uwan ƙauyen kuma su ne suke zuwa neman taimako. Da aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa a farkon Agusta, aka fasa wurare, aka sa dokar hana fita, mun zauna a gida muna tsine wa yaran zamani. Ɓarna ɓarna ce, ban kare ta ba. Amma da aka nuno waɗanda aka gurfanar a kotu a Abuja a farkon Nuwamba, wasunsu suna faɗuwa don galabaita, sa'o'in jikokinmu muka gani. Ranar ba wanda ya ce "a zamaninmu."

A ƙarshen shekarar hankalin majalisa ya koma kan azumin 2025, wanda a lokacin ake sa ran zai kama a farkon Maris. Na bana an yi shi cikin zafin Maris da Afrilu, ƙanƙara ma sai mai hali. Ɗan Kwari ya kawo shawarar mu haɗa kuɗi mu sayi buhun gero da na wake a Dawanau tun kaka ba ta yi nisa ba, a raba da kwano, kowa ya sami na kunu da ƙosai. Tela yana ganin a dakata, wai farashin zai ƙara sauka. Direba ya ce shi bai taɓa ganin hatsi ya sauka ana dosar azumi ba, kuma in za a je shi zai yi cinikin a-daidaita-sahu, don mu in aka bar mu sai an cuce mu. An tsayar da ranar Alhamis. Ladan ne ke riƙe da kuɗin.